Zarra, Caji da Masu Fassarar Ganganci

Wani malamin sakandare daga Argungu yana tambaya game da firoton da ilektaron, wato ƙananan ɓurɓushin da ke cikin ƙwayar zarra, ko daidai ne a ce firoton na da "caji mai kyau", ilektaron kuma "marar kyau".

Ba daidai ba ne, Malam, kuma kunnena ya gaji da jin wannan a bakin masu fassarar ganganci. Kyau da muni hukuncin hali ne, ina ruwan ƙwayar zarra da tarbiyya? Benjamin Franklin ne ya laƙaba wa cajin biyu alamar tarawa da ta ɗebewa, tun ba a san da ilektaron ba, don sai a 1897 J.J. Thomson ya gano shi. Ka ce wa yaranka firoton mai alamar tarawa, ilektaron mai ta ɗebewa. Ƙarfin cajinsu ɗaya ne cif, ko da yake firoton ya ninka ilektaron nauyi kusan sau 1,836, daidaiton cajin nan ne ya sa idan yawansu ya zo daidai sai zarra ta zauna ba caji. Shi "marar kyan" naku ne ma ke bin waya ya juya muku fanka. Firoton kuwa a cibiyar zarra yake, kuma yawansa ke raɗa wa abu suna: 79 zinariya, 82 dalma. Uku kacal ke tsakani, amma mutanen Anka da Bukkuyum sun ga bambancin a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Ina kyan yake a nan?

Wata ɗaliba daga Talata Mafara ta ce me za ta kira nutiron, abokin zaman firoton a cibiyar zarra? Ɗan ba-ruwanmu, ɗiyata. Ba shi da caji, masanin kimiyya James Chadwick ya gano shi a 1932.

"Ƙwayar zarra" da "ya yi zarra" abu ɗaya ne? A'a. Ta farko daga Larabci take, ka koma Suratuz Zalzala. Ta biyu fin sa'o'i take nufi.

Wani daga Yauri yana son ya koyar da caji da karin maganar "sai hali ya zo ɗaya ake abota". Kul, Alhaji! A nan masu hali ɗaya korar juna suke yi, mabambanta ke jan juna. Firoton ɗin da ke cunkushe a cibiya ma da sun watse, ba don wani ƙarfi na daban da ke ɗaure su tare da nutiron ba, wanda ya rinjayi turin caji a wannan ɗan matsatsin wuri.