GRUB ya ɓace, mai gyara ya ce sai an yi fomat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Nima nake, a Accra. Kwamfutata HP tana ɗauke da tsarin aiki biyu, Windows da Ubuntu, in na kunna sai GRUB, manhajar da ke tayar da su, ya ba ni zaɓi. Tun daren da Windows ya sabunta kansa, kai tsaye take wucewa Windows. Aikin kammala karatuna na wata shida yana cikin Ubuntu. Na kai wa wani mai gyara a Circle, ya ce Ubuntun ya mutu, sai an yi fomat. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, amma in kwamfutar tana shagon nan, je ka karɓo ta yau.

Bisa bayaninka, layi kawai aka tsallake. UEFI, manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, na riƙe da jerin wanda zai fara tashi, sai Windows Boot Manager, mai tayar da Windows, ya sha gaban Ubuntu. Kunna ta, ka yi ta danna F9 kafin tambarin Windows ya fito (a Dell F12 ne). Za ka ga "ubuntu" a jerin, zaɓe shi. Don gyaran ya ɗore, shiga saitin UEFI da F10 ka ɗaga ubuntu sama. Ko daga Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta sudo efibootmgr, ka duba lambar kowanne, sannan ka jera su da sudo efibootmgr -o, lambar ubuntu a farko.

Maganar fomat ɗin nan kuwa tana ƙona mini rai, don kusan kullum sai na gamu da ita. Windows ba ya karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye kayansa a kai. Mai gyara ya buɗe Disk Management, inda Windows ke nuna ɓangarorin faifai, ya ga ɓangaren Ubuntu ba harafi, ba suna, sai ya ce wai fanko ne. Ba fanko ba ne, Windows ne ba ya jin yaren! Wani ma sai ya hango ɗan ƙaramin ɓangaren EFI, mai megabait 100 ko sama da haka, ya share shi wai yana tsaftace faifai. A can ne fa fayilolin tayar da Windows da na Ubuntu duka suke zaune. Daga nan ba wanda zai sake tashi.

Kwanan baya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo mini da kwamfutar ɗanta a cikin leda, hannunta har rawa yake. Lissafin bashin abokan cinikinta duk yana ciki. An yi fomat, an zuba sabon Windows a kai, an kuma karɓi kuɗin aiki. Na kwana ina tono, kaɗan na ceto, don abin da aka rubuta wani a kansa ba ya dawowa. Aikin danna maɓalli ɗaya ne fa tun farko. Kayan mutane amana ne. Wanda bai gane abin da yake gani ba ya ce bai sani ba mana.

In ka danna F9 ba ka ga ubuntu ba, har yanzu ba a kai ga fomat ba. Tayar da kwamfutar da filashin Ubuntu, zaɓi Try Ubuntu, fara kwashe aikinka zuwa wani faifai, sannan ka mayar da GRUB da manhajar Boot-Repair. Kafin ka taɓa Secure Boot kuma, wato saitin tsaro da ke cikin UEFI, duba ko BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne. In yana kunne, shiga asusunka na Microsoft ka kwafe lambobi 48 na buɗe BitLocker a takarda, don Windows na iya neman su a tashi na gaba.