Notin ƙusoshin bel ɗin babur ɗin ƙanƙara yana kwancewa: shuɗin gam ko ja?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, ka kafa wa bel ɗinsa, wato faffaɗar robar da yake tafiya a kanta, ƙusoshi 144 da kanka, fita biyu kacal ka yi ka tarar noti biyar sun faɗi, wasu kuma suna rawa. Kana tambaya ko ka sa musu Loctite, gam ɗin nan mai hana noti kwancewa, in kuma za ka sa, shuɗi ne ya dace ko ja.

Ka sa shuɗi, mai lamba 243. Amma kada ka tashi zuwa shago tukuna, don ba a nan gizo ke saƙar ba. Sanyi na bakwai ke nan ina hawa wannan abu a Manitoba ta ƙasar Kanada, bel uku na kafa wa ƙusa, kuma abin da na gani shi ne gam aiki ɗaya yake yi: yana hana noti juyawa. Ba ya ɗaure abin da ba a ɗaure ba tun farko. In ƙusarka ba ta zauna daidai ba, ko kwalba guda ka juye mata sai ta yi rawa.

Ka fara duba yadda abin yake a haɗe. Kan ƙusar mai faɗi yana ta cikin bel, jikinta ya ratsa roba ya fito waje, sai farantin da ke tallafe ta, sai noti a sama. Tsakanin kan ƙusa da farantin nan roba ce, ita kuwa roba tana lotsawa. Ka ɗaure yau ka ji tamau, bayan ta sha nauyi da girgiza sai ta ƙara kwanciya kaɗan, ɗaurin ya saki alhali notin ko gezau bai yi ba. Sannan ka lissafa wahalar da kowace ƙusa ke sha. Bel mai tsawon inci 137, wato kusan mita uku da rabi, in kana gudun kilomita 80 a awa yana zagayawa fiye da sau 6 a kowace daƙiƙa. A awa ɗaya kowace ƙusa ta caki ƙasa, ta lanƙwasa a kan tayar baya, ta dawo, fiye da sau 20,000. Ƙusar da ke da ɗan wasa ko kamar kaurin farce, wannan bugun zai mayar da shi babba kafin la'asar.

Don haka kafin maganar gam, ka ɗage bayan babur ɗin, ka haska fitila ta ciki, ka shafa yatsa a kan kawunan ƙusoshin. Ya kamata kan ya nutse cikin robar har ya yi daidai da ita, yatsanka ya wuce sumul. In ka ji tudu, ba ta zauna ba, kuma ƙananan tayoyin da bel ke bi za su yi ta dukan wannan tudun a kowane zagaye. Yawancin ƙusoshin zamani suna da kafaɗa, wani ɗan kauri a ƙasan tiredi, wato tsagin da noti ke bi. Ana ɗaurewa ne har kafaɗar ta taɓa farantin, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A nan za ka ji sifana ta tsaya cak, ba irin jin taushin nan na matse roba ba. Awon ƙarfin ɗaurin yana cikin takardar da ta zo da ƙusoshin, kamfanonin ƙusoshi irin su Woody's da Stud Boy duk suna rubuta nasu, kuma ba lallai ya zama iri ɗaya ga notin ƙarfe da na alminiyam ba. Wanda ke takardarka shi za ka bi. Ka kuma tabbatar ƙusar ta dace da bel ɗinka, don bel mai shimfiɗa ɗaya bai kai mai shimfiɗa biyu kauri ba, yana da ƙusarsa daban mai faffaɗan kai. In ka sa masa ta mai kauri, kafaɗa za ta taɓa faranti tun kafin a kama robar, ka ji noti ya ɗauru gam-gam amma ƙusa tana lilo a cikin raminta. Ina zargin wasu daga cikin naka masu rawa wannan ne ciwonsu, tunda babur na hannu ba kasafai mai saye ke sanin irin bel ɗin da ke kansa ba.

Yanzu ga maganar gam ɗin. Shi ba irin gam ɗin da muka sani ba ne mai bushewa da iska. Akasin haka ne: iska ce ke hana shi daskarewa. Sai ya shiga tsakanin tiredin ƙusa da na noti, inda iska ba ta kaiwa, ya taɓa ƙarfe, sannan ya sandare ya zama kamar busasshiyar roba ya cike ƙofofin da girgiza ke wasa a ciki. Wani malamin kimiyyar sinadarai, Vernon Krieble, ya haɗa shi a kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka a 1953. Shi ya sa in ka sayi kwalbar za ka ga kamar ba a cika ta ba. Ba ƙwange ba ne, iskar da aka bari a ciki ita ke riƙe shi a ruwa. Shi ya sa kuma wanda ya tsiyayo waje zai yi kwanaki da danshinsa, mutum ya ɗauka gam ɗin ya lalace.

Abu biyu ke sa shi daskarewa da wuri, irin ƙarfen da kuma ɗumin wuri, kuma mu nan duka biyun ba su tare da mu. Baƙin ƙarfe da tagulla suna tayar da shi nan da nan. Ƙarfen da ba ya tsatsa, da alminiyam, da wanda aka yi wa shafen tutiya, sanyin jiki gare su, su ne kuma ake yin ƙusoshi da notin bel da su. Dalilin da na ce 243 ban ce 242 ba ke nan. Duka shuɗaye ne, ƙarfinsu matsakaici, amma 243 yana kama irin waɗannan ƙarafa ba tare da an fesa musu sinadarin share fage ba, yana kuma jure ɗan maiƙon da ke zuwa a jikin sabon kaya. In 242 ne a hannunka, ka nemi feshin share fagen da ke da lamba 7649 ka fara fesawa.

Ɗumi kuwa, a nan na sha tawa. Shekarata ta farko, cikin watan Disamba, na yi aikin a garejin da ba shi da hita, sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Na ɗiga wa kowace ƙusa shuɗin nan, na gama wajen ƙarfe goman dare, da safe muka ɗora babur a tirela muka nufi Gimli, bakin tafkin Winnipeg. Da yamma na ɗage bayan na tarar da gurbi huɗu babu noti. Na kwance ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, na shafa tiredin, sai ga shuɗi sharkaf a yatsana, yana nan a ruwansa kamar yanzu na ɗiga shi. Gam ɗin da bai daskare ba, man shafawa ne kawai ka sa wa noti. Kamfanin ya rubuta awa 24 kafin ya gama kamawa, amma lissafin ɗumin ɗaki ne, wajen digiri 22. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 abin jan ƙafa yake yi ƙwarai. Bayan ya riga ya daskare kuma sanyi ba ya yi masa komai, yana jure har ƙasa da digiri 50 ƙarƙashin sifili, abin da hanyoyinmu ba sa kaiwa. Kwana ɗayan nan na farko shi ne duk maganar. Kuma ba iskar gareji kaɗai ba, ƙarfen kansa ne ya kamata ya yi ɗumi. Babur ɗin da ka shigo da shi daga waje, ka bar shi ya kwana a ciki ƙanƙarar ta narke, bel ya bushe, ƙusoshi da noti da kwalbar gam su kwana a cikin gida. In ba ka da gareji mai hita, ka roƙi wani daga cikin 'yan'uwa ya ara maka nasa na kwana biyu, ko ka bari sai kaka kafin sanyi ya sauka.

Me ya sa ba ja ba? Akwai masu sa ja, 271 ko 263, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: suna cewa ƙusar bel ba abin da ake kwancewa ba ne, an kafa ke nan. Ni ban yarda ba, saboda ƙusa tana lanƙwashewa, tsininta yana karyewa in ka bi ta kan dutse ko ka tsallaka kwalta, kuma babu sanyin da zai wuce ban canza wasu ba. Jan gam sai an gasa shi ya kai wajen digiri 250 kafin ya saki. Wa zai kai wuta kusa da bel ɗin roba, ga tankin fetur a sama? Abin da ke faruwa shi ne ka riƙe kan da alanki ka murɗa da ƙarfi, ramin alankin ya cinye, ka koma yanka da garaida kana addu'a kada ta taɓa bel. Shuɗi kuwa da soket mai zurfi na rabin inci da ɗan ƙarfin hannu yake saki. Ka kula wajen saye: kwalbar Loctite ja ce ko da ruwan ciki shuɗi ne. Lamba za ka karanta, ba launin kwalba ba.

Sai batun notin mai zoben nailan a baki, wanda na tabbata shi ya zo da ƙusoshinka. Sabo fil, wanda aka ɗaure da hannu, sau da yawa shi kaɗai ya isa, kuma na san mutanen da ba su taɓa sa gam ba noti bai taɓa faɗo musu ba. Abin da ke kashe shi biyu ne. Na ɗaya maimaitawa: duk kwancewa da mayarwa zoben yana rage kamu, wanda ya shiga da yatsa har ƙasa ya gama aiki, ka jefar. Na biyu bindigar ɗaure noti. Na san noti 144 da hannu ba wasa ba ne, amma gudun bindiga yana zafafa nailan ɗin ya laushe, a notin alminiyam kuma yana cinye tiredi. In da bindiga ka yi aikinka, to ka sayi sabbin noti gaba ɗaya, kada ka tsaya zaɓe. Kuɗinsu bai kai na bel ba, balle na inji.

Na ce inji ne saboda abin da na gani da idona. Wani abokin tafiyarmu, notinsa ya faɗi, ƙusa ta fita da gudu ta huda lagireton da ke shimfiɗe a rufin bel ƙarƙashin kujera. Ni ne a bayansa, sai na ga ɗigon kore a kan farar dusar ƙanƙara, ɗis, ɗis, a jere, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Allah ya sa na cim masa na tsayar da shi kafin inji ya kama. Da igiya muka ja shi har bakin titi, rana tana faɗuwa, yatsunsa sun fara mutuwa. Saboda haka tunda kana ƙarƙashin babur ɗin, ka duba ko akwai sandunan kariya a rufin bel, ka kuma auna tsinin ƙusa, kada ya ɗara haƙoran bel da fiye da 3/8 na inci.

Ga yadda nake yi yanzu, aiki biyu ne amma yana hutar da ni duk sanyin. Ranar farko ina kafa ƙusoshin da tsofaffin noti, ba gam, in ja kowace har kai ya nutse, in bar su su kwana robar ta gama kwanciyarta. Washegari sai in bi layi-layi: in cire tsohon noti, in fesa wa tiredi feshin wanke birki in bari ya bushe, in girgiza kwalba, in ɗiga ɗigo ɗaya daidai inda ƙarfen notin zai tsaya, kusa da faranti, ba a can bakin tsini ba, sannan sabon noti da sifana mai awo. In farantinka na roba ne ba na alminiyam ba, ka yi kaffa-kaffa kada gam ya taɓa shi, don irin wannan gam yana tsattsaga wasu robobi, kamfanin da kansa ya yi gargaɗin haka. Wanda ya zuba a bel ka goge da tsumma. Kada bakin kwalbar ya riƙa gogar ƙarfe, zai toshe. Ƙaramar kwalba mai mil 10 da kyar take kai ni ƙarshen 144, ka sayi biyu.

Dalilin wannan wahalar ta kwana biyu shi ne, in gam ya daskare ba a ƙara ɗaurewa. Da ka motsa notin ko kaɗan ka karya kamun, aikin ya zama na baban giwa. Wasu suna cewa a ƙara ɗaurewa bayan fita ta farko sannan a ɗiga koren nan mai lamba 290, mai tsotsewa cikin tiredi bayan an riga an ɗaure. Na gwada, bai gamsar da ni ba, don zoben nailan yana toshe bakin da zai bi ya shiga.

In na gama, sai in ɗauki makar fenti fara in ja layi daga noti zuwa faranti a kowace ƙusa. Bayan fita ta farko in ɗage baya in juya bel da hannu ina kallo. Layin da ya karkace, notin ya juya: a kwance, a wanke, sabon noti, sabon ɗigo. Layin yana daidai amma ƙusa tana rawa in ka kama ta da filaya, to ba laifin gam ba ne, ko dai ramin ya buɗe ko ƙusar ba ta bel ɗin ba ce. Su biyar ɗin nan da suka faɗi maka, ka duba raminsu da kyau. In ka ga zaren cikin bel ya fito fari-fari ko ramin ya koma kamar ƙwai, kada ka mayar da ƙusa a wurin, ka bar shi haka nan. Ka aiko mana da hoton cikin bel ɗin da lambobin da ke rubuce a jikinsa da na kwalin ƙusoshin, in sha Allah mu duba ko sun dace da juna kafin ka kashe kuɗi a sabbin noti.