Amsa: Tafiyar da ta buɗe wa Guevara ido

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tafiya da ganin talauci ido da ido na iya farkar da matashi a siyasance. Ƙwarai kuwa, kuma labarin Ernesto "Che" Guevara na Ajantina, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin Kuba, ya isa misali.

A farkon 1952, yana ɗan shekara 23, ɗalibin likitanci daga gidan rufin asiri, ya hau babur tare da abokinsa Alberto Granado. Babur ɗin ya mutu musu a Chile, suka ci gaba a ƙafa da bayan motocin kaya. A ganina nan karatun ya soma, domin sai da suka rasa abin hawa suka fara kwana inda talaka ke kwana. Sun ga mahaƙar jan ƙarfe ta Chuquicamata, inda lebura ke zubar da gumi, kamfanin Amurka na kwashe riba. A Peru kuma suka zauna a San Pablo, sansanin kutare da ke bakin kogin Amazon, suna musabaha da majinyata babu safar hannu.

Amma gani kaɗai bai mai da shi ɗan juyin juya hali ba. Sai a 1954 a Guatemala, da ya ga an kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin shugaba Arbenz da hannun CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, bayan ta raba wa manoma filaye, ya ƙudurta cewa sai da bindiga. Nan na rabu da shi, don kashe-kashen fursunoni da aka yi a kurkukun La Cabaña da ke Kuba a 1959, bayan nasarar juyin juya hali, a ƙarƙashin kulawarsa suna damuna matuƙa. Shi kuwa Granado, da suka ga abu ɗaya, koyar da ɗaliban likitanci ya kama a Kuba.