Tambaya da Amsa: Manhajar na mutuwa a wayar mai shago, a tawa kuma lafiya lau

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na haɗa wa wani mai shago a Taminus manhajar Android da Java ta rubuta bashin kwastomomi, da na yi gyara na tura masa sabuwa, yana buɗewa sai ta mutu. Logcat, wato inda Android ke nuna saƙonnin kuskuren manhaja, na nuna ClassCastException, wai String (rubutu) ba zai zama Integer (lamba) ba, alhali a wayata tana aiki ras. Da SharedPreferences, wato tsarin Android na ajiye ƙananan bayanai kowanne da sunansa, nake ajiya.
Daga Anguwan Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa wayar bawan Allah ba ta da laifi, tsohuwar ajiyarka ce ta biyo ka. Kusan na tabbata a tsohuwar manhajar da putString ka ajiye kuɗin a matsayin rubutu, tunda daga EditText, akwatin da ake shigar da bayani, rubutu yake fitowa, yanzu kuma ka koma ɗauko shi a matsayin lamba da getInt, da sunan ajiya ɗaya. Shi SharedPreferences ba ya juya maka komai, in rubutu ka ba shi rubutu zai dawo maka, kuma sabunta manhaja ba ya goge fayil ɗin ajiyar, yana nan daram a wayarsa. Kai kuwa kullum cirewa kake kana sake sakawa, shi ya sa taka fes take.

Kafin ka taɓa komai kira getAll(), ka ɗauko abin da ke ƙarƙashin sunan nan ka buga getClass().getName() a Logcat, nan za ka ga gaskiya da idonka. Sai ka duba da instanceof, in String ne ka juya shi zuwa lamba ka sake ajiyewa, sau ɗaya shikenan. Amma kula, in mai shagon ya rubuta 5,000 da waƙafi, parseInt mai juya rubutu zuwa lamba ma zai yi maka bori, cire waƙafin tukuna.

Don Allah kar ka ce masa ya goge data, bashin mutane ne a ciki wallahi rigima za ka jawo. Kar kuma ka lulluɓe kuskuren da try da catch kana mayar da 0, manhaja za ta buɗe amma mai bashin dubu hamsin ya zama ba a bin sa ko sisi.

Af, tunda kuɗi ne koma long mai ɗaukar manyan lambobi, don int iyakarsa 2,147,483,647, in da kwabo kake lissafi naira miliyan 21 da ɗoriya kenan. Sai dai getLong a kan abin da ka sa da putInt zai sake kawo maka wannan matsalar.