Likita Na Amsa Tambayoyinku: Cire Haƙori Da Jinyar Da Ke Biyo Baya

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan haƙori suka taru, sai na zaɓi waɗanda suka shafi cirewa.

Tambaya: Likita dan Allah a taimaka, jiya aka cire min turmi na ƙasa, tun da na dawo gida nake kurkure baki da ruwa ina tofarwa amma jinin ya ƙi tsayawa, ko dai an taɓo min jijiya ne?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ba jijiya aka taɓo ba, kurkurar nan da tofarwar su ne suka hana jinin tsayawa. Idan aka cire haƙori rami ake bari a cikin ƙashin muƙamuƙi, jini ya cika ramin ya daskare ya zama guda, kuma wannan gudan jinin shi ne kamar ɓawon da ke rufe ciwo a fata, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Toh duk sanda kika guntsi ruwa kika wuskuta shi da ƙarfi sai ki ɓamɓare shi, jini ya dawo sabo. Awa 24 na farko ba kurkura, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba kai harshe ko yatsa wurin dan a ji yadda ramin yake, wanda na san kusan kowa sai ya yi.

Yanzu ki samu bandeji mai tsafta irin wanda aka sa miki a asibiti, ki ɗan jiƙa shi, ki naɗe ki ɗora daidai kan ramin ki cije sosai na minti 30, ki zauna kanki a sama, kar ki dinga buɗewa kina leƙawa duk bayan minti biyar. Kuma ki sani ɗigon jini kaɗan in ya gauraya da yawu sai ya zama kamar mai yawa, yawu ya yi ja-ja a ranar farko ba komai ba ne. Amma in kin danne sau biyu har yanzu bakin na cika da jini, ki koma wurin wanda ya cire a yau ɗin nan.

Tambaya: Likita ni kwana uku kenan da cirewa, ranar farko da ta biyu lafiya lau, yau kuma wani irin zugi ya taso min har cikin kunne, bakina na wari, maganin ma baya yi min komai. Ina shan sigari, ko yana da alaƙa?

Amsa: Yana da alaƙa sosai Malam. Abin da ka kwatanta ya yi kama da bushewar rami, wato gudan jinin nan ya fita ko ya narke kafin lokacinsa, ƙashi ya rage a buɗe, iska da abinci da ruwa suna taɓa shi kai tsaye. Yawanci tsakanin kwana 2 zuwa 4 yake bayyana, kuma alamarsa kenan, mutum ya fara samun sauƙi sai ciwo ya juyo ya fi na kafin a cire. In ka haska da fitila a madubi za ka iya ganin ramin wayam, ko ka hango fari-fari a ƙasansa maimakon baƙin gudan jini. Ya fi samun haƙoran ƙasa na can ƙurya, kuma ya fi samun masu shan taba, saboda zuƙar tana fizgo gudan, hayaƙin kuma yana rage jinin da ke zuwa dasashi. Shisha ma haka take, kar wani ya ce ai ita daban ce.

Ƙwayoyi kaɗai ba za su fitar da kai ba. Ka koma asibiti, za a wanke ramin a cusa wani magani a ciki, da yawa suna jin sauƙi tun kafin su isa gida, wani lokaci sai an sake sawa bayan kwana biyu. Abin ba ya kisa, azaba ce kawai da shi. Tabar kuma a ajiye ta, mafi ƙaranci kwana 3 bayan cire haƙori, in za ka iya sati ya fi, in kuma ka zarce daga nan ka bar ta gaba ɗaya ni dai ba zan yi fushi ba.

Tambaya: Wai gaskiya ne cire haƙorin sama yana kashe ido?

Amsa: A'a Hajiya, ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani daban, jijiyar haƙori daban. Abin da ke kusa da saiwar turamen sama wani kogon iska ne da ke haɗe da hanci, shi ya sa wani lokaci ake cewa kar a fyace majina da ƙarfi na 'yan kwanaki. Ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari ya tara mugunya, shi ne ma zai iya kumbura fuska har ƙasan ido.

Tambaya: Likita kumatuna ya kumbura bayan an cire na ƙarshen nan da ya fito a karkace, bakin ma baya buɗuwa sosai. Me zan ci, wane magani zan sha, kuma yaushe zan fara goge baki?

Amsa: Wannan haƙorin na ƙarshe da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25 dama cirewarsa ta fi wahala, wani sai an tsaga dasashi an yi ɗinki, dan haka kumburi dole ne. Yana kai ƙarshen girmansa a kwana na 2 ko na 3 sannan ya fara saɓewa. A ranar farko ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora a kumatu minti 15 a sauke a huta a sake. Abinci mai laushi wanda ba zafi, a tauna ta ɗaya ɓangaren, a guji mai ƙananan ƙwayoyi da ke faɗawa rami. Kuma kar a ci komai sai allurar kashe wurin da aka yi ta saki, dan mutum sai ya tauna leɓensa ko harshensa bai sani ba.

Bayan awa 24 ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ki guntsa ki karkata kai a hankali ki bar shi ya zubo da kansa, bayan kowane cin abinci, har sati. Buroshi kuwa ki ci gaba da goge sauran haƙoran, ki dai kauce wa ramin. Magani, farasitamol da ibuprofen sun wadatar ga yawancin mutane, ibuprofen bayan an ci abinci, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu ya bar shi. Kar a sha asfirin dan ciwon, yana tsinka jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba kowa ke buƙata ba, a daina saye haka kawai. In kumburin na ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya da numfashi suna wahala, wannan na gaggawa ne ko tsakar dare ne.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar kuma haƙori ya hana ni barci, an ce ba a cire wa mai ciki. Mahaifiyata ma tana da suga tana son cire nata.

Amsa: Ana cirewa 'yar uwa, kuma wata na 4 zuwa na 6 shi ne lokacin da ya fi dacewa, kin ga kina ciki. Allurar kashe wurin ba ta cutar da jariri, zama da mugunya a baki ya fi ta haɗari. Ki dai faɗa musu kina da ciki tun a bakin ƙofa. Mama kuma a gwada sugan kafin a taɓa ta, in ya hau sosai a daidaita tukuna saboda ciwo na jinkirin warkewa, ta ci abincinta ta sha maganinta ranar kamar kullum. In tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ta faɗa, amma kar ta daina sha da kanta.

Tambaya: Dole ne sai an cike giɓin? Nawa a ciki yake ba a gani.

Amsa: In na ƙarshen nan ne ba a mayar da shi. In kuwa turmin da ake tauna da shi ne, da tafiyar shekaru maƙwabtansa sukan karkato cikin giɓin, na samansa ko na ƙasansa ya zazzago tunda ba abin da ke tare shi, abinci ya dinga maƙalewa. Dasashi yana rufewa cikin sati 1 zuwa 2, ƙashi kuma watanni yake ɗauka kafin ya cike, sai a zaɓa tsakanin haƙorin roba da ake cirewa, ko wanda ake maƙala wa na gefe, ko wanda ake dasawa a ƙashi. Ka koma a duba bakin bayan wata guda Malam, ku tattauna wanda ya dace da kai da kuma aljihunka.