Tambaya da Amsa: Murafun Ramukan Titi

Tambaya: Me ya sa akasarin murafun ƙarfen da ke kan titi zagayayyu ne? Kuma na ƙofar shagona ƙara yake yi duk sanda mota ta taka shi. Daga wani mai karatu a Wuse, Abuja.

Amsa: Malam, zagayayyen murfi duk yadda aka juya shi ba ya faɗawa cikin raminsa, domin faɗinsa ɗaya ne ta ko'ina. Mai kusurwa huɗu kuwa, da an karkata shi sai ya zurma. Ƙarar da kake ji alama ce murfin bai zauna daidai a firam ɗinsa, wato bakin ramin da yake zama a kai, ba: ko yashi ya shiga tsakani, ko simintin ƙarƙashi ya farfashe. In aka bar shi, gefen zai cinye har murfin ya tsage. A sanar da hukuma tun da wuri.

Tambaya: Ɓarayi sun ɗauke murfin ramin layinmu, ga damina ta kawo jiki. Za mu iya zuba na kankare da kanmu? Daga wata uwa a Garki.

Amsa: Hajiya, kafin komai a kare ramin yau ɗin nan, ko da tsofaffin tayoyi da reshe mai ganye. Kada a shimfiɗa kwali ko falanki, tarko ne; da ruwa ya rufe titi, yaro ba zai san inda ƙafarsa za ta faɗa ba.

In wurin masu tafiya a ƙasa ne kaɗai, birkila zai iya. Ramin da bakinsa santimita 60 ne, a yi masa murfi mai santimita 80 kowane gefe, kauri santimita 10. A saƙa rodi mai milimita 12, tazarar santimita 15, a ɗaga shi kan 'yan duwatsu don kankare ya lulluɓe shi. Kwaɓi: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Nauyinsa ya kai kilo 150, kuma mai sayen ƙarfe ba ruwansa da shi.

Amma inda mota ke bi, wannan aikin hukuma ne. Can ana buƙatar mai alamar D400, wanda aka gwada da nauyin tan 40.

Muna roƙo, kada kowa ya shiga ramin, ko waya ce ta faɗa. A magudanar ƙazanta iska mai guba kan kwanta a ƙasa, warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta, mutum ya suma nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. In wani ya faɗa, a kira lambar gaggawa 112.