Tambaya da Amsa: Mai digirin tarihi da aikin lauya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin tarihi, kuma burina in zama lauya, amma a gida ana cewa shekaru huɗun da na yi sun tafi a banza. Shin karatuna zai amfane ni? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Digirin tarihi shi kaɗai ba ya ba mutum damar tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya a Nijeriya, sai ya yi digirin shari'a, sannan ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962. Sai dai kina iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB, misali a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, ki yi shekara huɗu maimakon biyar.

Batun asara kuwa, ban yarda da shi ba. Wanda ya karanta tarihi ya saba tambayar wa ya rubuta takarda, yaushe, kuma me yake nema da rubuta ta, sannan ya saba gwama ruwayoyi biyu masu karo da juna har ya gano wadda ta fi ƙarfi, kuma wannan shi ne aikin lauya a kan shaida. A rikicin gona ko fili abin ya fi fitowa sarari, domin a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, ta farkonsu kuwa ita ce tarihin da aka gada daga kakanni: wa ya sari dajin, wa ya gaje shi, yaya ya iso hannun mai ƙara. Lauyoyi da yawa a nan suke tuntuɓe. Haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta fi sauƙin fahimta ga wanda ya san dokar filaye ta Arewa ta 1962 da shelar Turawan mulkin mallaka ta 1910 kan filaye da suka gabace ta.

Tunda a Kaduna kike, kafin lokacin neman gurbi ki riƙa zuwa Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, ki karanta tsoffin rahotannin razdanoni kan iyakoki da sarautu, ki kuma zauna a Babbar Kotun Jiha ki saurari yadda ake yi wa shaidu tambayoyi.